Dusar Kwakwa A Lambun Gida: Tana Riƙe Ruwa, Amma Ba Taki Ba Ce



Saƙon wannan makon daga unguwar Dogo Tebo ya fito, a cikin garin Potiskum ta Jihar Yobe. Wata uwargida ce ta rubuto cewa ƙaninta mai bin tirela zuwa Legas ya yi mata tsarabar wani bulo mai ruwan ƙasa, ya ce mata sunansa kokofit, wai da shi ake shuka kayan lambu yanzu, ba sai da ƙasa ba. Ta jiƙa shi, ta zuba a buhu, ta watsa irin alayyahu. Ya tsiro gwanin sha'awa, amma bayan mako biyu ya tsaya cak, ganyen ya yi rawaya, bakinsa ya ƙone. Tambayarta biyu ce: me ya faru, kuma ko ganyen da aka shuka a cikin wannan abu yana da illa ga yara da mai juna biyu?

Bari in fara da ta biyun don hankalinki ya kwanta, Hajiya. Babu illa. Abin da aka kawo miki daga jikin kwakwa ya fito, ba sinadarin masana'anta ba ne. Inda haɗarin lafiya yake a irin wannan lambu, wato taki da buhu da ruwa, za mu zo kansa. Idan kuma wani yana mamakin me ya haɗa mai harhaɗa magunguna da zancen lambu, amsar tana layin awon ciki. Yawancin matan da ake rubuta wa maganin ƙarin jini, da za ka leƙa tukunyarsu a watan Afrilu, da wuya ka tarar da ɗanyen ganye, domin lokacin ne yake tsada a kasuwa.

Kwakwar da muke saya a baro ko a farantin talla tsirara take zuwa mana. A kan bishiya tana lulluɓe ne da wani ɓawo mai kauri, wanda ake feɗewa tun a can Kudu don a rage nauyin lodi, shi ya sa ɗan gashin nan kawai muke gani a kanta. Idan aka daka wannan ɓawo ana samun abu biyu. Akwai zare mai tsawo da ake yin igiya, burushi, katifa da tabarmar goge ƙafa da shi. Akwai kuma gari mai laushi da ke tsakanin zaren, wanda shi ne ya fi yawa, kusan kashi biyu cikin uku. Wannan garin ne kokofit. Ni dai dusar kwakwa nake ce masa, don da dusa ya fi kama.

Mutanen Kerala a kudancin Indiya sun daɗe suna sana'ar zaren. A garin Alappuzha aka kafa masana'antarsa ta farko a 1859, kuma har gobe Indiya da Siri Lanka ne ke samar da mafi yawansa a duniya. Amma dusar, shekara da shekaru shara ce, ana tara ta tsibi-tsibi a bayan masana'antu, ga ta ba ta saurin ruɓewa. Sai wajen shekarun 1980 zuwa 1990 manoman rumfunan gilashi na Turai, musamman na Holan, suka karɓe ta don shuka tumatir da furanni. Daga nan aka fara busar da ita, a matse ta ta zama bulo, a yi jigilarta a jirgin ruwa. A nan Nijeriya ana noman kwakwa a bakin teku, Badagiri ta Jihar Legas ce ta fi suna, kuma wasu sun fara sarrafa ɓawon, sai dai da yawa daga bulon da ke kasuwa na waje ne.

To me ya sa za ta yi wa mutumin Potiskum amfani? Saboda ruwa. Damina a wannan yanki daga Yuni zuwa Satumba ce, sauran watannin sai ban-ruwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Ƙasar gidaje da yawa rairayi ce, kina zuba ruwa yana zurarewa, wasu gidajen kuma an shafe tsakar gidan da siminti gaba ɗaya. Ga shi ruwan ma a gida da yawa saye ake yi jarka-jarka a wajen 'yan ga-ruwa. Dusar kwakwa tana shan ruwa kamar ninki takwas na nauyinta ta riƙe, kuma duk da haka tana barin iska ta ratsa, saiwa ba ta shaƙewa kamar yadda take yi a cikin laka. Idan ta bushe kuma aka zuba mata ruwa, nan take take karɓa. Buhun da kike shayarwa safe da yamma zai iya wadatuwa da sau ɗaya, in dai yana samun inuwa da rana tsaka. Ga rashin nauyi: mace ɗaya za ta iya jan buhun daga rana zuwa inuwa ba tare da ta kira kowa ba.

Nan amfaninta ya tsaya, kuma nan ne masu sayarwa ba sa ƙarasa bayani.

Ki tuna 'yar ƙwayar nan rawaya ta folik asid da ake ba ku a wajen awo. A jikin kwalinta an rubuta miligiram 5. Miligiram 5 kuwa ɗan mitsitsi ne da ba za ki iya ɗauka da yatsa ba. Sauran jikin ƙwayar duk sitaci ne da makamantansa, waɗanda aikinsu su riƙe maganin su kai shi ciki. Ba a yin ƙwaya sai da su, amma ƙwayar da aka yi da su kaɗai, babu maganin, ita muke kira jabu. Dusar kwakwa ita ce sitacin. Tana riƙe ruwa, tana riƙe saiwa, tana riƙe taki idan an sa mata, amma ita kanta kusan babu abincin shuka a jikinta, musamman naitirojin da ke sa ganye ya yi kore shar. Kowane iri yana zuwa da ɗan guzurinsa a cikinsa, wanda zai kai shi kwanakin farko. Da guzurin ya ƙare, shukar ta laluba ba ta sami komai ba, sai ta tsaya ta yi rawaya. Abin da ya sami alayyahunki ke nan, yunwa ce.

Ƙonewar bakin ganyen kuma, na fi zargin gishiri. Kwakwa bishiyar bakin teku ce, tana tara sodiyam da fotasiyam da kulorayid a ɓawonta, sannan a wasu wuraren a ruwan gishiri-gishiri na gaɓar teku ake jiƙa ɓawon na watanni don zaren ya saki. Kamfani mai kirki yana wanke dusar kafin ya matse, ya rubuta a leda cewa wankakkiya ce. Mai araha sau da yawa ba a wanke ta sosai ba. Kin san yadda yankakkiyar albasa ke fitar da ruwa idan kin barbaɗa mata gishiri? Haka gishiri ke yi wa saiwa. Sai ki ga buhu a jiƙe sharkaf amma shuka tana yaushi kamar ba a ba ta ruwa ba, ke kuma ki ƙara ruwa, ki ƙara taki, abin ya ƙara lalacewa.

Maganinsa wanki ne, kuma ba wuya. Babban bulo mai kilo 5 yana shan kusan jarka ɗaya mai lita 25, ya kumbura ya ba ki wajen lita 60 zuwa 70. Ƙaramin mai kamar girman bulon ja yana ba da lita 8 ko 9. Ki sa shi a baho, ki zuba ruwa, ki bar shi ya saki da kansa, ki marmashe da hannu. Ki ƙara ruwa har ya sha kansa, ya kwana. Da safe ki juye a buhun da ruwa ke iya ratsawa, ki ɗora a kan dutse ya tsane. Ki maimaita sau biyu ko uku. Na san za ki ce ruwan fa? Gaskiya ne, wankin yana cin ruwa, amma sau ɗaya ake yi, kuma ruwan da ya tsane ba asara ba ne: ki yayyafa tsakar gida ko ki wanke banɗaki da shi, kada dai ki ba shuka. Launin shayin da za ki gani a ruwan ba shi ne gishirin ba, don haka kada ki dogara da ido, kuma kada ki ɗanɗana. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ki shuka ƙwayar salak ko tumatir goma a gwangwanin dusar, goma a gwangwanin ƙasar da kika yarda da ita. Idan bayan kwana goma na dusar sun yi ƙasa sosai, ki sake wankewa.

Wani abu game da bahon nan. Muddin akwai ruwa a ciki, ki rufe shi ko ki ɗaga shi sama. Yaro mai rarrafe yana iya faɗawa da kai a ruwan da bai kai taki ɗaya ba, kuma ba ya ihu. Busasshen bulon ma a ɓoye shi, domin ɗan gutsuren da yaro ya jefa a baki kumbura zai yi.

Akwai wata ɗabi'a ta dusar da masu son tumatir da tattasai ya kamata su sani. Sabuwarta tana sakin fotasiyam da yawa, tana kuma kama kalsiyam da magniziyam ta riƙe wa kanta. Ƙarancin kalsiyam, tare da ban-ruwa na yau-akwai-gobe-babu, shi ke kawo baƙin tabon nan a gindin tumatir. Manyan manoma suna jiƙa ta a ruwan takin kalsiyam kafin su yi shuka. Ke a gida ba sai kin je nan ba, idan kin gauraya ta da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Dakakken ɓawon ƙwai yana taimakawa, amma a hankali yake narkewa, ba na gaggawa ba ne.

Haɗin da nake ba da shawara shi ne kwano ɗaya na wankakkiyar dusa, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kwano ɗaya ko biyu na ƙasa mai kyau. Ki huda gindin buhun da gefensa na ƙasa, ki ɗora shi a kan bulo ko duwatsu saboda gara da kuma don ruwa ya fita. Bayan kowane yanka biyu ki barbaɗa ɗan taki a sama. Kafin ki ba da ruwa ki tura yatsa ciki, domin saman dusar kan bushe alhali cikinta a jiƙe yake, kuma yawan ruwa yana ruɓar da saiwa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko ganye duk suna yi. Ruwan omo da na bilic kada su kusanci buhun, gishirin da kika sha wahalar wankewa ne za su mayar.

Taki kam Potiskum ba ta da matsalarsa. Garin da kasuwar shanunsa ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ga awaki da tumaki a gida-gida. Amma a nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin nan lafiyar iyali ta shigo. Ɗanyen kashin dabba yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da ƙwan tsutsar ciki. Ganye irin su salak da lawashi da na'a-na'a ɗanye ake cin su, zogale da rama ma a kwaɗo hannu ne ke cakuɗa su bayan an dafa. Idan ruwan ban-ruwa ya fantsamo ɗanyen taki a kan ganye, daga buhu sai faranti, daga faranti sai cikin yaro. A Amurka, ƙa'idar noma da takin gargajiya ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Alayyahu kuwa cikin wata ɗaya ko ɗaya da rabi ake fara yankarsa, kin ga ba shi da wannan lokacin. Don haka takin ne zai yi jiran tun kafin ya shiga buhu. Ki tara shi a lungu, ki yayyafa ruwa, ki rufe, ki riƙa juyawa duk mako biyu har wata uku zuwa huɗu. Alamar ya nuna ita ce ya yi baƙi, ya marmashe, warin ya tafi, kuma ba ya ɗaukar zafi idan an tara shi. Kashin kaji ya fi ƙarfi, ɗanyensa yana ƙone shuka, a rage yawansa.

Ƙwayar cutar tetanus, mai sa haƙora su sarƙe, ita ma a ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma ta rauni take shiga. Idan akwai yanka a hannunki ki rufe shi ko ki sa safar hannu, ki wanke hannu da sabulu bayan aiki. Mai juna biyu ta tabbatar ta karɓi allurarta a wajen awo. Maigida, kai ma idan ƙusa ko fartanya ta soke ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu ka je asibiti a duba, kada a cusa toka ko ƙasa.

Sai mazubi. Buhun shinkafa, na fulawa ko na sukari, da robar da aka zuba abinci a ciki, duk lafiya. Jarkar baƙin mai, gwangwanin maganin feshi, da kwandon tsohon batir, a'a, ko an wanke. Haka ƙasar da za ki haɗa, kada a ɗebo ta daga bakin garejin makanikai, wurin masu gyaran batir ko juji, ga shi Potiskum gari ne na manyan motoci, irin waɗannan wurare ba su da wuyar samu. Abin tsoron shi ne dalma. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Can daga dakan duwatsun zinare ta fito, kuma yawanta ya wuce misali, amma darasin ɗaya ne: ƙurar da ke hannun yaro ce ke kai ta baki, kuma ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwarsa. A wannan fuskar dusar kwakwa tana da wata fa'ida, domin wanda bai yarda da ƙasar gidansa ba zai iya haɗa ta da taki da yashi mai tsabta kawai.

Kada a bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashin buhu ko a faranti. Sauro yana iya kammala girma daga ƙwai cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, ba ma son lambun ganye ya koma gonar zazzaɓi. Busasshiyar dusa kuma tana tashi kamar ƙura, mai asma da tsofaffi su nisance ta har sai an jiƙa. A Ostireliya da New Zealand har gargaɗi ake bugawa a ledar ƙasar shuka, saboda wata cutar huhu da ake ɗauka ta shaƙar ƙurarta. A jiƙa kafin a taɓa, a yi aikin a fili.

Shin ta cancanci kuɗinta? A ganina, ga renon iri da buhu huɗu ko biyar na tsakar gida, ta cancanta, musamman da yake tsaraba ce ta zo miki. Wajen reno ma babu kamarta, don irin yana tsirowa daidai kuma dashen yana fita da saiwarsa ba ta tsinke ba. Amma wanda zai cika fili da ita a nan Arewa, kuɗin mota kawai zai saya. Abin da ya sa ta yi suna a Indiya shi ne sharar ƙofar gidansu ce. Mu ma muna da tamu. Ɓuntun shinkafa na nan jibge a wajen injinan casa, daga Gashuwa har Haɗeja. Bai kai dusar kwakwa riƙe ruwa ba, amma yana sassauta ƙasa, kuma idan aka babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, yana ƙara riƙewa. Ɓawon gyaɗa da aka daka ya ruɓe shi ma yana yi. Garin katako ne nake jan kunne a kai: sabonsa yana janye naitirojin daga ƙasa, shuka ta yi rawaya, kuma ba ka san wane magani aka shafa wa katakon ba. Idan bulonki ɗaya ne, ki raba shi da ɓuntu rabi da rabi, zai kai ki buhu da yawa.

Abin shukawa ya danganta da wata. Alayyahu, rama, yakuwa da lalo suna jure zafi, su ne na bazara. Salak, tumatir da karas na lokacin sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Tumatir kan zubar da fure idan zafi ya wuce digiri 35, don haka kada ki ɗora wa dusa laifi idan ya ƙi 'ya'ya a Afrilu. Zogale ki rene shi a ciki, amma ki dasa a ƙasa in da hali, saiwarsa doguwa ce kuma ba ya son jiƙa da yawa. Idan ƙwari sun dame ki, ki tsince da hannu ko ki fesa ruwan ganyen darbejiya. Maganin sauro da na kyankyaso irin su fiya-fiya ba na ganyen ci ba ne, ko kaɗan.

Wata magana ga masu juna biyu, don na san inda zancen ganye kan kai. Ganye yana ba da sinadarin ƙarfe da folik asid da bitamin A, amma ba ya maye gurbin ƙwayoyin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da maikurogiram 400 na folik asid kullum, kuma babu yawan zogalen da zai sa in ce ki ajiye su. Ganyen ƙari ne. Don jiki ya fi amfana, ki matsa lemon tsami ko ki yanka ɗanyen tumatir a kwaɗo, ki sa ɗan mai ko ƙuli saboda bitamin A, ki jinkirta shayi kamar awa ɗaya bayan cin abinci domin yana hana ƙarfen shiga jiki. Kanwar da ake jefawa don ganye ya yi laushi tana lalata bitamin C, a rage ta, sabon ganye daga buhu ma ba ya buƙatarta. Kuma ko daga gidanki ya fito, a wanke shi da ruwa mai tsabta.

Buhunki na yanzu bai lalace ba, Hajiya. Ki tuge alayyahun, ki juye dusar ki wanke ta kamar yadda na faɗa, ki haɗa da taki da ƙasa ki sake shuka. Dusar kwakwa tana kai shekara biyu zuwa uku ana juya ta, domin ba ta saurin ruɓewa. Bayan kowane girbi ki tsince tsofaffin saiwoyi, ki shanya ta a rana kwana biyu, ki ƙara sabon taki. Sai dai idan kin tuge shuka kin ga ƙulli-ƙulli a jikin saiwar kamar carbi, wannan tsutsar ƙasa ce, kada ki sake amfani da haɗin wannan buhun, ki fitar da shi daga gidan.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.